Yadda Gwaggona Ta Zama Hajiya Sai-Gero

Gwaggona, yayar mahaifina, ba ta taɓa mallakar waya ba. In an kira ta a tawa, nesa da kunne take riƙe ta, tana ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke can ƙarshen gona. Amma yau fuskarta na cikin wayoyin mutanen da ko hanyar Sabon Birni ba su sani ba, kuma duk ranar da na ci karo da ita sai na ji kamar in rotsa wayar da ƙasa.

Ta zo gidana ne bayan 'yan bindiga sun ƙone ƙauyensu, can wajen Gatawa. Da zane ɗaya ta iso, da ƙafafu a kumbure. Ba ta yi kukan ɗaki ba, ba ta yi kukan awaki ba. Abin da take ta nanatawa shi ne, "Sun ƙone mini iri, ɗiyata. Har iri sunka ƙone."

Sai wanda ya tashi a can ya san nauyin maganar. Kowace kaka, kafin a ɗaure damma, Gwaggo kan bi gero zangarniya-zangarniya ta ware dogayen masu cikakken ido, ta ɗaure su daban ta rataye a ƙoƙon rumbu. Ko yunwa za ta kashe gidan, ba a taɓa su. Kuma a wajenmu ba a roƙon iri. Wanda gobara ta ci, ko fari ya cinye shukarsa ta farko, zai je gidan maƙwabci ya yi sallama ya ce, "Ba ni iri." Shi ke nan. Ba "don Allah", ba sunkuyar da kai. In ka haɗa da Allah ma ka zagi mai gida, kamar kana zaton zai hana. Shi kuma mai gida ba ya riga ka miƙowa, don abin da anka ba ka ba ka tambaya ba sadaka ne. Da kaka sai ka mai da dami. Gwaggo ta ba mutane iri haka ba adadi, ba ta taɓa jiran godiya ba.

Mijina ya samo mata aron 'yar gona a bayan gari, wajen wani abokinsa. Ta je ta share ta da kanta, ta ƙone ƙirare. Iri kawai ya rage. Na ce bari in auno mata a kasuwa, ta harare ni. "Geron da ba a san uwarshi ba? Wanda anka barbaɗe da magani? Ke dai boko ya gama da ke." Na ƙyale ta, don in Gwaggo ta kafe, sai dai ka gaji ka bari.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka, kuma a satin wani mai hali ya aiko da tallafi ga 'yan gudun hijira, anka tara su a filin makarantar da nake koyarwa. Ina tsaye a bakin aji ina kallo. Da layi ya zo kan Gwaggo, wani saurayi mai baƙin tabarau ya miƙo mata ƙullin shinkafa, wani kuma na gefe yana ɗaukar bidiyo don a nuna wa mai kayan. Ita kuwa ta ɗauka duk wanda ya zo da hatsi ranar da ƙasa ke jiƙe ya san abin da manomi ke bukata. Ta tura ƙullin baya da bayan hannu, ta ce da muryar nan tata, "Kai ɗan nan, mi za ni yi da shinkafa? Shinkafa gyararra tana tsira? Ba ni son ta. Gero za ka ba ni, in shuka!"

Saurayin ya ce babu. Ta ce to, ta juya ta fita daga layi. Abin da ya faru ke nan, wallahi, ba ƙari ba ragi.

Kafin Juma'a ta kewayo, wata malama ta miƙo mini wayarta a ofis tana ƙunshe dariya, ba ta san gwaggona ce ba. Bidiyon ranar rabo ne, an yanke farkon maganar, an yanke ƙarshenta. Saura, "Ba ni son ta! Gero za ka ba ni!" yana ta maimaituwa a kan kiɗa. An tsai da hoton daidai inda ta tura ƙullin, baki a buɗe, mayafi ya zame, tsagen Gobir raɗau a kumatunta. A ƙasa an rubuta: Hajiya Sai-Gero. Hajiya! Matar da ko Sakkwato sau ɗaya ta taɓa gani, shi ma a kan gadon asibiti.

Ni ba ni da rigima da masu tona asirin 'yan "ka san ko ni wane ne". Mai tsallake layi a gidan mai, da matar mai kuɗin da ke zagin ma'aikaciyar jinya, in an yi musu tsiya a waya su suka saya. To amma su suna da katanga da gilashin mota, gobe sun manta. Gwaggo ba ta da ko ƙofar da za ta rufe.

Abin ya bazu. Anka mai da fuskarta sitika. Budurwa ta raina kyautar saurayi, a tura mata Gwaggo. Ma'aikaci ya yi ƙorafin albashi, a tura masa Gwaggo. Wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar ta Burkusuma ya gaya wa mijina har a tsallaken iyaka ya gan ta. Na zauna na rubuta bayani mai tsawo a ƙarƙashin bidiyon, na faɗi abin da anka yanke, na faɗi al'adar iri. Wani ya amsa mini da hoton Gwaggo. Wani ya ce, "Ga 'yar Hajiya ta iso." Na zage su, na zagi iyayen da sunka saya musu waya, sunka ƙara dariya. Wa ka gani ya tsaya karatu ana kiɗa?

Daga nan sunan ya bar Gwaggo ya hau kan kowace mace mai tsage a fuska da ta gudo daga ƙauye. Maƙwabciyarmu, ita ma 'yar gudun hijira, ta kai jaririnta shagon magani, ta ce wanda anka ba ta jiya amai yake sa shi, ko akwai wani. Mai shagon ya ce, "To fa, su Sai-Gero an fara zaɓe." Ta karɓi na jiyan ta dawo. Matan sunka koyi miƙa hannu biyu ga duk abin da anka ba su, su yi godiya da ƙarfi don mai waya ya ji. Mu Gobirawa mun san tsiya, mun gaje ta, amma abokin wasa a gabanka yake tsayawa ka rama. Wannan kuwa wa za ka rama wa?

Na yi ta ɓoye mata. Banza. A bakin famfo ta ji muryarta na fitowa daga aljihun wani. Ta dawo ba ruwa a bokiti, ta ce, "Ɗiyata, mi na yi musu?" Na ce ta rabu da su, 'yan iska ne.

Ƙasa na ta shan ruwa, gonar aro na kwance a share. Sai na tuna da ƙanen marigayi mijinta da ke Turba, wanda rumbunsa ke tsaye har lokacin. Geron gidansa ma jikan na Gwaggo ne, ita ta ba shi iri shekarar da gobara ta ci shi. Na ce, "Gwaggo, gobe za ni Turba, kuma da ke za ni." Munka hau babur biyu, muna addu'a a kowace kwana, don hanyar ba ta da tabbas.

Muna shiga gidan, matar ɗansa ta taso da murna ta rungume ta. "Lale lale da Hajiya Sai-Gero! Inna, kin zama tauraruwa!" Ba da mugunta ta faɗa ba, na rantse, a ganinta abin alfahari ne. Har ta lalubo wayarta za ta kunna, na daka mata tsawar da sai da kaji sunka watse.

Tsohon ya fito, anka shimfiɗa tabarma a gindin rumbu. Ya san abin da ya kawo mu, ni ma na san ya sani. Sunka gaisa, sunka yi jajen ƙauye, sunka lissafa wanda ya mutu da wanda ba a san inda yake ba. Sai ya gyara zama yana jiran ta ce, "Ba ni iri." Na ga ta ɗaga kai ta dubi rumbun, ta buɗe baki. Sannan idonta ya sauka kan matan gidan da ke tsaitsaye, kowace da waya a hannu. Ta rufe bakin. Ta tambaye shi ciwon ƙafarsa. Na zungure ta, ta janye gwiwarta.

Har la'asar ba ta faɗa ba. Da munka miƙe za mu tafi, tausayi ya ci ƙarfin tsohon. Ya hau rumbu da kansa, ya sauko da ɗaurin zangarniya dogaye, ya aje a gabanta ya ce, "Ga wanga, ki yi haƙuri da duniya." Gwaggo ta durƙusa ta sa hannu biyu. "Na gode. Allah shi saka da alheri. Allah shi ƙara buɗi." Ban taɓa jin ta yi wa kowa irin wannan godiya ba. Ni dai murna nake, na rungume ɗaurin a kan babur har gida, ina cewa a raina ko ta wace hanya, iri dai ya samu.

Washegari na tafi makaranta, na bar mata fartanya a bakin ƙofa. An yi yayyafi da hantsi, irin wanda manomi ke so. Da na dawo na tarar da fartanyar inda na bar ta. A tsakar gida kuwa ga turmi a jiƙe, ga ƙaiƙayi kaji na tonawa, ga soshiyar zangarniyar da anka sussuke an tara a gefen murhu. Gwaggo na zaune da ƙwarya a gabanta, ta dama fura.

Na ce, "Gwaggo! Irin? Irin kika daka?"

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ba iri ba ne. Ban tambaya ba anka ba ni. Sadaka ce, ita ko sadaka ci akai."

Na fara faɗa, na ce akwai sauran lokaci, za ni koma Turba, za ni kwashe wayoyin gidan in zuba a rijiya in ya so ta faɗa. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta miƙo mini ludayi ta ce, "Ki gaya ma mijinki shi mai da ma mutane gonarsu. Zauna ki sha, kada ta tsinke."

Na zauna na sha. Geron Gwaggo ne, na san ɗanɗanonsa tun ina yarinya. Ita ma ta sha, ta suɗe ludayin, ta kife ƙwaryar.