Amilcare Ranalli da tsarkiyar da ta tsinke a coci

Ranar Alhamis, tara ga watan Oktoba, da hantsi, ina rumfar aiki ina kankare hanjin rago, sai na ji ƙararrawar coci tana bugun mutuwa. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce Maestro Amilcare Ranalli ne, a kan kujerarsa ya cika, bayan ya gama shan kofi. Shekarunka saba'in da takwas, kumpare, aminina. Na girme ka da huɗu, amma ko a nan sai da ka riga ni.

Ni Quirino, aji biyu na yi a makaranta. Na ji masu ilimi sun rubuta maka yabo a jarida. Su yi ta rubutawa. Su kiɗan molonka suka sani, ni kuwa na san abin da yatsunka suke taɓawa, domin ni nake murza tsarkiyar daga hanjin rago, kamar yadda ubana da kakana suka murza a wannan ƙauyen.

Ba zan manta ranar da muka je Bologna sayen tiyorba ba, wannan molon mai wuya kamar na raƙumin dawa. Ka wuni kana ƙwanƙwasa bayanta kana sa kunne, kana shinshina cikinta, har mai shagon ya tambaye ni a asirce ko lafiyarka ƙalau. Da muka fito ta ƙi shiga 'yar motarka. Muka zuro wuyan ta taga, ka ɗaura masa jan ƙyalle, ni kuma ka ba ni aikin rungumarta tun daga can har gida. Da ruwa ya sauko, rigata ka tuɓe mini ka lulluɓe ta. Na yi sati biyu ina tari, ita kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Kai ne uban baftismar 'yata. Ranar aurenta ka ce ba wanda zai ci abinci sai ka yi wa amarya kiɗa. Ka zauna kana murɗa kunnuwan molo, ka ja wannan ka sassauta wancan, har taliya ta huce, tsire ya sandare. Surukina ya ce ai ya ɗauka kiɗan ke nan, har ya tafa. Amma da ka fara, ba wanda ya sake tuna tsire.

Lokacin da matata ta kwanta ciwon ajali, kullum da la'asar kana zuwa da ƙaramin molon, ka zauna daga bakin ƙofa kana kaɗawa a hankali har barci ya ɗauke ta. Wata huɗu ba ka yi fashi ba. Ban taɓa yi maka godiya ba, don a lokacin muna cikin rigima, kuma ni ba na haɗa abu biyu.

Rigimar kowa ya san ta, amma bari a ji ta daga bakin wanda aka zalunta. Shekara goma sha tara da suka wuce aka gayyace ka kiɗa a tsohon cocin da ke saman dutse, tare da ogan ɗinsa, wato babban abin kiɗan nan na coci mai bututu. Ka karɓi kantino uku a wurina, wato 'yar autar tsarkiya, wadda ta fi duka siranta da zaƙin murya. A gaban bishop da baƙi dukansu ukun suka tsinke, ɗaya bayan ɗaya. Ka miƙe ka ce wa jama'a su yi haƙuri, ragon bana bai yi ƙwari ba. Aka yi dariya. Ni ina layi na uku, da sabuwar hula a gwiwa.

Ogan ɗin cocin nan muryarsa ta fi ta kowane ogan hawa sama. Dole mai molo ya ƙara jan tsarkiyarsa kafin ya kamo shi, kuma tsarkiyar da aka murza don jan yau da kullum ba za ta jure ba. Laifin na wa? Abu ɗaya na nema a wurinka: ka tsaya a dandali, inda mutane suke, ka ce tsarkiyar Quirino ba ta da laifi. Ka ƙi. Ka ce ma ka koma ta roba, irin wadda ake kamun kifi da ita. Na rantse ba zan ƙara sauraron kiɗanka a taro ba, ban kuwa ƙara ba. Kiɗan da ka yi wa matata ma daga tsakar gida na ji shi, na ba ka baya.

Karta kam ba mu fasa ba. Kowace Lahadi bayan coci kana ce mini mai wankin hanji, ina ce maka mai kamun kifi. A shekarar rigimar ce wani mutum daga Basel, can ƙasar Suwizalan bayan manyan duwatsu, ya fara aiko mini da odar tsarkiya a takarda, lambobin kauri kawai, su kuwa ina iya karanta su. Duk bazara sai ya aiko. Nakan kaɗa maka takardar a hanci in ce ga wanda ya san kaya, ba irin wasu ba. Kai kuma ka gyara tabarau ka ce lallai mutumin nan yana da kunne.

Sati biyu bayan jana'izarka matarka Ersilia ta aiko in zo. Ta ce Loredana, wadda ta yi karatu a hannunka har ta gaje ka a koyarwa, za ta kaɗa ƙaramin molonka a addu'ar kwana talatin, ana so in duba shi. Na ce ni ba na taɓa roba. Ta ce in dai buɗe akwatin.

Na buɗe, na shafa. Ni bahago ne, murzata hagu take bi, ba wanda yake yin irinta a duk yankin nan. Tun daga kantino har ta ƙasa mai kaurin murya, nawa ne. Na buɗe na tiyorba, haka nan.

"Ersilia, a ina ya samo waɗannan?"

"A Basel mana. Ba kai kake aikawa ba?" Tana share hawaye tana dariya. "'Yar ƙanwata ce a can. Ta karɓa, ta sauya ambulan, ta maido mana."

"Shekara goma sha tara? Tsakanin gidana da nan taku ɗari biyu ne."

"Na gaya masa. Ya ce gara tsarkiyar ta tsallaka duwatsu sau biyu da ya tsallaka titi ya same ka kana murmushi."

Na zauna a kujerarka na zage ka son raina, Allah ya yafe mini. Ersilia ta kawo mini kofi.

Daga nan Loredana ta shigo, na tambaye ta inda za a yi addu'ar. Ta ce a cocin saman dutse, da ogan, haka ka bar wasiyya. Ina jin tambayar ta fita daga bakina sai na tuna. Ubana ya koya mini cewa mai murza ba ya miƙa kantino sai ya tambayi inda za a kaɗa ta. A waccan ranar ban tambaye ka ba. Ina sauri zan je awon sabuwar hula. Na san haka tun ina zaune a layi na uku, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Fada, limamin cocinmu, a wurin ikirarin zunubi.

Na koma rumfa na zaɓi hanji mafi kyau da nake da shi, na murza wadda ta fi waccan siranta da kamar silin gashi, daidai da hawan ogan ɗin. Ranar addu'ar ana ruwa, cocin ya yi sanyi da laima, yanayin da tsarkiyar hanji ta fi ƙi. Loredana ta ja ta, ta ƙara ja, ni ina riƙe da benci. Ta kai. Aka yi addu'ar daga farko har ƙarshe ba ta ko yi gezau ba.

Da aka fito na tsaya a dandali, inda na so ka tsaya, na ce wa duk wanda ke wurin tsarkiyar Quirino ba ta da laifi, Quirino ne bai yi tambaya ba. Na ƙara da cewa kai ma kana da baki, da ka faɗa mini. Wannan rabin naka ne, ba zan ɗaukar maka ba. Maganar ragon bana kuwa ta yi zafi, amma na yafe.

Ubangiji ya ji ƙanka, kumpare, ya gafarta maka taurin kai, ya ba ka hutu da haske marar yankewa. Ersilia, Allah ya ba ki haƙuri, ke da 'ya'ya da jikoki da duk waɗanda ya koyar. Ki gaya wa 'yar ƙanwarki ta huta. Loredana kuma ta san ƙofata, in tana son tsarkiya ta tako da ƙafarta, ta gaya mini inda za ta kaɗa.

Quirino, mai murza tsarkiya