Zaren da Ke Bin Baya

A Taba aka haife ni. Lokacin sanyi, in an idar da sallar isha'i, Kaka kan hura wuta da busasshiyar tuƙar rake a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Wurina sananne ne, jikin gwiwarta ta dama. Ko akuya ba ta isa ta kwanta nan ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ce kowane gida a ba da yarinya boko. Gidanmu aka ba da Asabe, 'yar baffana, ni aka ce in zauna in taya Inna surfe. Da hutu ya zo sai ga Asabe da tsinkayen saƙa biyu da ƙulli-ƙullin zaren ulu, ja da fari, wai mayafi take saƙa wa Kaka. Gefensa huji-huji kamar rariya, tsakiyarsa murɗe kamar kitso. Ƙarya ba kyau, abin ya yi kyau. Shi ya sa ma na tsane shi.

Saboda hasken wuta aka ba ta gwiwar dama. Ni aka tura ni bayanta, aka ɗora mini ƙullin ja, in riƙa sako mata. Na riƙa sakowa kamar mai ba da jinin jikinta.

"Talatu, saki mana!" in ji Asabe.

"Hannun naki ne ko nawa?"

Kaka ta dube ni ta wutsiyar ido, ta gyara itace. "Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matsa mata," ta ce. Muka ce ta iso.

Wai wata tsohuwa ce ke da zare biyu masu magana, Fari da Ja. Tana saƙa, Fari na fuska, Ja na bin baya. Duk wanda ya gifta sai ya ce, "Kai, wannan fari da haske yake!" Ja na ji daga baya, sai ya fara ɗaure jiki. Aka yabi Fari, Ja ya ƙara ɗaurewa. Kafin a kai ƙarshe zanen ya tattare kamar fatar gwiwar tsohuwa. Ranar kasuwar Makarfi ko taya shi ba a yi ba. Tsohuwa ta dawo ta warware su duka, ta tufka igiya, ta ɗaure bunsuru.

Yara suka fashe da dariya. Kaka ta ce, "Kin ji, uwar masu gida? Na baya in ya ƙi sakin jiki, shi da na gaba wari za su sha."

Na ce, "Kaka, na fa kalli saƙar Asabe. In farin ya yi tafiyarsa, ja ma yakan fito gaba a gan shi. Ni yaushe za a fito da ni?"

Wallahi har yanzu ina jin ƙarar wutar nan. Kaka da bakinta bai taɓa mutuwa ba, ta tsura wa garwashi ido. Can ta ce, "Tashi ki kawo mini buta."

Na daɗe ina ɗauka raini ne. Sai da na girma na gane ba ta da amsa ne, ita ma a bayan ta ƙare rayuwarta. Tatsuniyarta gaskiya ce, amma rabi. Hassada na tattare zane, na yarda. Sai dai wanda aka bari a baya ba ranar fitowa, kada a zo masa da wa'azin haƙuri.

Ba wanda ya fito da ni. Ina da jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kudan, yara na leƙe ta taga suna dariya. Wasiƙar farko da na rubuta da hannuna, Asabe na aika wa. Ko lafiyarta ban tambaya ba.