Balon Amurka a hanyar Dogo-Dogo

Balon bai sauka ko'ina ba sai a kan jakin Kawu Idi, yana jaye da amalanken gyaɗa.

Balon Amurka ne, wato ƙwallo mai kamar ƙwai, abokina Sani ya samo a gwanjon Magarya. Mun shirya Sani zai ruga har gindin gawo ya karya hagu in jefa masa can. Na jefa, shi kuwa ya karya dama.

Kawu ya sauko a fusace. Na ce, "A yi haƙuri, Kawu. A wasan nan wurin da aka yi alkawari ake jefawa, tun mutum bai waiwayo ba."

Ya dubi Sani ya ce, "To ai jakina ne ya cika alkawarin. Ku sa shi, ku cire wannan."

Jama'a, mu ƙara wa Sani dama, ko mu bi shawarar Kawu?