Zoɓo a Injin Kulorin

Har yau ina tuna ranar da na zuba zoɓo a injin gwamnati. Da damina ne, ina babban ma'aikacin fasaha a sashen ruwa, aka tura ni wani ƙauye bayan Roni.

Ga wanda bai san aikin ba, injin bututu ne da ake hango cikinsa, da farantan ƙarfe a jere. Ruwan gishiri yana bi ta tsakaninsu, wutar sola tana ratsa shi, ya fito da kulorin, sinadarin tsabtace ruwan sha da ake zubawa a tankin gari. Gwaji ya nuna kulorin ya yi rauni, shugabanmu kuma ya riga ya yanke hukunci: Malam Buba mai kula da injin yana rage gishiri, a sallame shi.

Na ɗanɗana ruwan gishirin, gishiri ya ji. Na taɓa ganin irin wannan a Damagaram da Tamale ta Ghana, sai na sa aka jiƙo zoɓo ba sukari.

"Alhaji, walima za a yi wa injin?" in ji Buba.

"Kai dai kunna yadda ka saba."

Ya murɗa famfo har ƙarshe. Na zuba. Jan ya bi tsakiya siriri kamar zare ya fice, gefen farantan ko rinuwa bai yi ba. Na rage famfon na sake zubawa. Wannan karon ya bazu a hankali, ya cika kowane lungu kafin ya fita.

"Wa ya ce ka buɗe shi duka?"

"Alhaji, ba a sakin ruwa sai jarkar kulorin ta cika. Ga dattawa a tsaye, ga sa'annin mahaifiyata a layin ɗiban ruwa. Da wane ido zan dube su?"

A Tamale ɗokin tashi daga aiki ne ya jawo haka. A nan kuwa kunya ce.

Na kira shugaba. "Ranka ya daɗe, ba a taɓa gishiri ba. Ruwan ne ba ya samun zama a kan farantan."

"Ka tabbata?"

"Ka zo ka gani da idonka."

Ya zo ya gani, ya janye hukuncin. Muka ɗaure famfon da waya daidai inda ya kamata, Buba ya koma haɗa kulorin tun da sassafe, kafin a yi layi.

Tun daga ranar, in inji ya gaza, nakan fara duba hanyar da ruwa yake bi a cikinsa, sannan in duba su wa ke tsaye a kan mai kunna shi.