Tarin Kawu

Jiya ina cikin keke daga Hausari zuwa kasuwa, rediyo ta sako waƙar wani yaro mai tashe. Daf da amshi sai ya yi ɗan tari mai taushi. Nan take marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Shi ya fara wannan tari, a waƙarsa ta soyayya da rediyo ta daɗe tana sawa. Har yau mawaƙan Potiskum sai sun yi tari kafin amshi. Ni kuwa na tashi da yaƙinin kuka ne ya shaƙe shi, saboda wata kyakkyawa ta guje shi.

Wata rana ina zuba masa shayi, ɗakin na ƙamshin citta, na daure na ce, "Kawu, wace ce ta karya maka zuciya?"

Ya ce, "'Yata, goro ne ya sarƙe ni. Mai ɗaukar sauti ya hana mu sake, wai za a ɗauke wuta."

Da ya ga idona ya cicciko, sai ya ce, "Kada ki gaya wa yaran nan, suna ƙoƙari."

Allah ya jiƙanka da rahama, Kawu, ya kuma sauwaƙe wa maƙogwaronsu.