Kwana Uku Na Ce Wa Mai Gwaji

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya ba ni yaron nan, Shi kuma ya karɓi abinsa.

Ɗana na biyu ne. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a gidan gonar da ke bayan tashar mota, wankin shanu da feshi. Can Mai Farce suke ce masa, don shi ba ya jiran feshi ya yi aiki. In ya ga kaska a kunnen saniya ko ƙarƙashin hantsa, da hannu zai cire ta ya murtsuke tsakanin farata, jini ya fantsamo. An ba su safar hannu, tasa tana rataye a ƙusa har ta bushe ta tsage. Matarsa takan ce kada ya taɓa mata kwano da wannan hannun, shi kuma ya ce ai shanun sun fi ta tsabta, su mutum uku ke yi musu wanka. Haka suke, kullum tsiya da dariya. Ba ya cewa wayyo, tun yana ƙarami. Ni kuwa da wannan nake yabonsa.

Wata Laraba ya kasa tsayuwa a sallah, a zaune ya yi ta. Jiki kamar garwashi, ga jajayen ɗigo a wuyan hannu da idon sawu. Ran Juma'a na kai shi asibiti, matarsa tana da tsohon ciki, na ce ta zauna. Likita ta tambayi sana'arsa, ta ga tabon cizo a bayan gwiwarsa, ta ce tana zargin ciwon kaska ne. Ta tura ni ɗakin gwaji, shi yana kan gado yana sambatu.

Mai gwajin dattijo ne mai tabarau, ya zaunar da ni ya yi mini bayani a tsanake. Wai gwajin biyu ne. Na farko ƙwayar cutar kanta yake nema a jini, kuma a kwanakin farko yake kama ta, in ba a sha magani ba. Na biyu alamar faɗan da jiki ya yi da ita yake nema, shi kuma ba ya nuna komai sai ciwo ya haura mako. Ya ce amsata ce za ta zaɓi wanda za a yi.

"Mama, kwana nawa da fara zazzaɓin?"

"Uku," na ce.

Allah shaida, a nan ban yi ƙarya ba. Ni a sanina ciwo yana farawa ne ranar da mutum ya kasa tsayawa gaban Ubangijinsa. Wanda ke fita aiki, gajiya ce kawai. Alhali ya fi mako yana sa rigar sanyi da rana tsaka, yana barin abinci a kwano.

Sai dattijon ya ce, yaron ya sha wani magani? Nan ne na ɓoye. Da nake wanki na tsinci leda a aljihunsa, garin magani ruwan ɗorawa, irin wanda suke dama wa maruƙa. Da na tambayi yaron ya ce duk ma'aikatan haka suke yi in jiki ya yi zafi. Kwana biyu ya sha, ya ji dama, ya bari. Ya ce, "Inna, ki rufa mini asiri, in manaja ya ji korata zai yi." Don haka na dubi dattijon nan na ce bai sha komai ba.

Aka yi na farko. Ran Litinin sakamako ya fito, wai jini fes. Likita ta koma kan taifot, aka yi ta ƙarin ruwa. Ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ɗauke.

Ran Laraba wani abokin aikinsa ya zo dubiya. Yana tsaye bakin gado ya ce ai tun makon can suka gaya masa garin nan ba zai isa ba. Nas tana jinsa, ta fita ta kira likita. Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in ƙirga mata daga ranar da ya fara sa rigar sanyi. Na ƙirga da yatsu, hannu biyu ba su isa ba. Sha bakwai.

Nan take suka ɗebi jini don gwaji na biyu, suka fara ba shi maganin ciwon kaskar ba tare da jira ba. Ran Juma'a da hantsi ya cika, kansa a kan cinyata.

Bayan kwana uku na koma karɓar takardar sakamakon. Dattijon ya ce ciwon ne. Ya cire tabarau ya ce shi ma da laifinsa, da ya tambaye ni ta wata hanyar. Na ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Matarsa ta sauka bayan wata guda, mace. Har yau ba ta tambaye ni abin da na faɗa a ɗakin gwajin nan ba, ni ma ban iya buɗe baki ba. Shi ya sa na sa a rubuta, ta karanta da kanta. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma tambaya biyu aka yi mini, kuma ni na amsa.