Ƙarin da Froso Ta Ɗora wa Yayan Mijinta

Har yau in aka ambaci Froso a kulob ɗinmu na Girkawan unguwar Oakleigh da ke Melbourne, sai ka ga tsofaffi sun duƙar da kai suna juya kofin gahawa kamar ba su ji ba. Ni dai zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Ni, Manolis, ni ne mai raba karta a teburin ranar Lahadi shekara ashirin da ɗoriya, kuma a kan idona aka yi komai.

Ita da mijinta Thanasis jirgin ruwa ne ya ɗauko su daga ƙasar Girka ya sauke su a Melbourne, da akwati biyu da tukunya. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana ɗinkin wuyan riga a masana'anta, inda ake biya a kan kowane guda, shi ya sa ba ta raina ɗaya. Karta kuwa a kicin ta koya, a hannun Thanasis, kuma ba a yi wata shida ba ya daina cinta. Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, amma in ya samu babban hannu har kunnuwansa sai sun yi ja.

Wasanmu Manila ne. Kati biyu a hannunka, biyar a tsakiya ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, kowane buɗi da zagayen zubinsa. Zubin a ƙayyade yake: dala biyu, zagayen ƙarshe huɗu. Ba ka isa ka turo tuli ka firgita mutum ba. In hannu mai ƙarfi ya zo maka, aikinka ka tatsi abokin karawa kaɗan-kaɗan, kada ka bar zagaye ɗaya ya wuce a banza.

Sai dai teburinmu yana da doka ɗaya: ba a kwanton ɓauna. Wato ba za ka ce "na wuce" kamar ba ka da komai ba, ka bari ɗan'uwanka ya zuba, sannan ka ɗora masa ƙari. A gidan caca na cikin gari kowa na yi. A wurinmu rashin mutunci ne, wanda ya yi kuwa ya rabu da kujerarsa ke nan har abada.

Da Thanasis ya rasu, bayan arba'in, Froso ta hawo matakala cikin baƙaƙen kayanta ta zauna a kujerarsa. 'Ya'yanta suna can birnin Perth mai nisa, gidan shiru, wannan teburin shi kaɗai ne fitarta a mako in ka cire coci. Lefteris, yayan marigayin, wanda shi ke faɗa a ji a teburin, ya ce, "Ku bar amaryarmu ta rage kewa." Mace mai shekara sittin da tara, har yanzu amarya yake ce mata.

To, ga irin zaman da aka yi mata. Duk lokacin da ta zuba, sai Lefteris ya kife katinsa yana murmushi. "Ɗauki, amarya, ki sayi madara. Ni ba na faɗa da matar ƙanena." Sauran su ma su kife. Amma in ta ce ta wuce, nan da nan zai zuba don ya kore ta daga hannun. Shekara biyu ana haka. Ta samu hannun da ya kamata ya tara tuli, ta tashi da abin da bai fi kuɗin burodi ba.

Wata rana a matakala ta ce mini, "Manolis, kai da kake rabo, wannan wasa ne ko sadaka?"

Na ce, "Haƙuri, Froso, girmama ki suke."

"Girmamawar banza! A kai ta maƙabarta, Thanasis ya fi ni buƙata."

Ranar da abin ya faru, da rana tsaka ne bayan an taso daga coci, ƙamshin gidan burodin da ke ƙasanmu ya cika ɗakin. Na buɗe katin farko, sarki. Froso ta wuce, Lefteris ya zuba, ta bi. Na buɗe mai lamba tara, haka aka yi. Na buɗe wani sarkin, sauran duk suka kife, ya rage su biyu. Ta yi ɗan jim kamar mai shakka, ta wuce, ya zuba, ta bi. Bakwai ta fito, ta sake bi tana ajiyar zuciya. Lefteris har ya fara ƙwanƙwasa tebur da zobensa.

Na buɗe kati na ƙarshe, Froso ta dubi Lefteris. "Na wuce, Yaya."

Ya turo huɗu. "Kife kawai, amarya, kada ki wahalar da kanki."

"Takwas," in ji ta.

Lefteris ya cire tabarau ya goge.

"Kin san doka. Janye hannunki, mu ce ba mu gani ba."

"Ai kun gani."

"Froso, kujerar ƙanena ce wannan. Saboda shi muka bar ki. In kin bar kuɗin nan a tsakiya, kada ki sake hawo matakalar nan."

Ta san abin da Lahadi za ta zame mata in babu teburin nan. Na roƙe ta da ido. Ko kallona ba ta yi ba.

"Ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka kife, Yaya. Gahawata na hucewa."

Fuskarsa ta yi jawur. "Ni za ki yi wa haka? Sha biyu!"

"Sha shida."

Iyakar ƙarin ke nan. Ya bi, ya buga katinsa a tebur: tara biyu, ga ta tsakiya, ga sarakuna biyu, hannun da ko ni ba zan kife ba. Froso ta juya nata a hankali. Sarakuna biyu. Da biyun tsakiya, huɗu ke nan cif, sun doke nasa.

Ba ta yi dariya ba. Ta buɗe jakarta, ta share tulin ciki har ƙwandala ta ƙarshe, ta shanye gahawarta a tsaye. Mu shida muna zaune kamar an dasa mu, kuma ina jin kunyar faɗa, amma ni ma ban buɗe baki na ce a bar ta ba.

A bakin ƙofa ta juyo ta dubi Lefteris.

"Na gode, Yaya. Shekara biyu ina zama a nan, yau ne kaɗai wani ya yi wasa da ni."

Ba ta sake hawowa ba, kuma ba ta taɓa aiko kowa ya ba da haƙuri ba.